Yadda Atlanta Ta Zama Yamma: Tarihin Sauya wa Ƙungiyoyin Besbol Rukuni a Amurka

Shekaru kaɗan da suka wuce, hukumar gidan rediyon da nake aiki ta ɗauke shirina na wasanni daga ƙarfe takwas na dare ta mayar da shi ƙarfe goma da rabi. Ba a yi shawara da ni ba. Wani kamfani ne ya sayi filin ƙarfe takwas, sai kawai na tarar da takarda manne a allon sanarwa. Shirin yana nan yadda yake, muryata ma haka, amma cikin wata guda masu bugo waya suka ragu. Masu shayi da ƴan kabu-kabu da masu gadi ne suka rage mini. Ɗalibai da magidanta masu sammako duk suka ɓace. Wani dattijo da ya saba kira kowane mako ya tare ni a wurin ɗaurin aure, ya ce, "Ɗana, kada ka ce fushi na yi, barci ne ya fi ƙarfina." Na ce, "Baba, ai ni ma ba da son raina ba ne."

Wannan sauyi ne ya haɗa ni da besbol. Idan na gama shiri wajen sha biyun dare, nakan zauna a situdiyo in huta kafin in kama hanyar gida, ina kewaya tashoshin ƙasashen waje ta intanet don in ji yadda abokan sana'a ke aikinsu. A lokacin zafi na Amurka, sha biyun darenmu ita ce ƙarfe bakwai na yamma a New York, daidai lokacin da ake buɗe wasannin besbol. Da farko ban gane komai ba, muryar masu sharhin ce kawai ta riƙe ni. Daga baya na fara karatu a kan wasan, har na ci karo da koken magoya bayan wata ƙungiya ta birnin Houston, waɗanda aka sauya wa rukuni a 2013. Kukansu bai bambanta da na dattijon nan ba: an ɗauke musu wasa an kai shi lokacin barci.

Da na bi sawun wannan koke zuwa baya, sai na ga tarihi ne na shekara fiye da ɗari. Wanda duk ya bi shi zai ga abubuwa uku ne ke zana taswirar besbol: abin hawan da ake tafiya da shi, agogon gidajen talabijin, da kuma ƙarfin mai ƙungiya a tsakanin takwarorinsa. Mai kallo da mai sauraro su ne na ƙarshe da ake tunawa da su.

Yadda gasar take

Besbol wasa ne na ɓangare biyu, kowane da ƴan wasa tara a fili. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren yana ƙoƙarin make ta da gora, ya ruga ya bi tasha uku ya dawo inda ya fara. Duk wanda ya kammala wannan zagaye ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Babu minti casa'in kamar a ƙwallon ƙafa, ana yin karo tara ne, kuma wasa yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku.

Babbar gasar Amurka da Kanada tana da ƙungiyoyi 30 a cikin lig biyu, National League da American League. Don sauƙi zan riƙa kiransu National da American. Kowace lig ta kasu rukuni uku: Gabas, Tsakiya da Yamma. Mai karatu da ya saba da Firimiyar Ingila ya lura da bambanci biyu. Na farko, a nan ba a faɗuwa ƙasa, ba a kuma hawowa. Ƙungiya dukiyar mai ita ce, ko ta zo ta ƙarshe shekara goma a jere tana nan daram. Na biyu, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 cikin kimanin wata shida, wato kusan kullum. Saboda haka rukunin da aka sa ka shi ke yanke maka abokan karawarka na yau da kullum, da nisan tafiyar ƴan wasanka, da lokacin da mutanen garinka za su kunna rediyo.

Shekara hamsin na jirgin ƙasa

An kafa National a 1876. American ta ayyana kanta babbar lig a 1901, ta shiga sayen ƴan wasan tsohuwar da albashi mai tsoka. Bayan shekara biyu ana kai ruwa rana aka sasanta a 1903, kuma a shekarar ne zakarun lig biyun suka fara karawa a wasan ƙarshe da ake kira World Series, inda Boston ta doke Pittsburgh.

Daga 1903 zuwa 1952 taswirar ba ta motsa ba. Ƙungiyoyi 16 ne, takwas a kowace lig, a cikin birane goma kacal. New York na da uku idan aka haɗa da Brooklyn. Boston da Philadelphia da Chicago da St. Louis kowane na da biyu. Babu rukuni a lokacin: wadda ta fi yawan nasara a lig ita ke wucewa kai tsaye zuwa World Series. Birni mafi nisa ta yamma shi ne St. Louis, a bakin kogin Mississippi, domin iyakar inda jirgin ƙasa zai kai ƴan wasa ke nan ba tare da ya lalata jadawali ba. Duk faɗin ƙasar daga nan zuwa Tekun Pasifik babu babbar ƙungiya ko ɗaya.

Rediyo ce ta cike wannan giɓi. Tashar KDKA ta Pittsburgh ta fara watsa wasan besbol kai tsaye ranar 5 ga Agusta 1921. Daga baya tashar KMOX ta St. Louis, wadda ake kamawa a jihohi da dama da dare, ta sa mutanen da ba su taɓa taka birnin ba suka zama magoya bayan Cardinals. A shekarun 1930 wani matashi mai suna Ronald Reagan yana zaune a situdiyon tashar WHO a Des Moines, ana turo masa gajerun bayanan wasannin Chicago Cubs ta wayar tangaraho, shi kuma yana ƙawata su kamar yana cikin fili. Shi ne ya zama shugaban Amurka daga bisani.

A 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci da ya shafi duk abin da ya biyo baya. Ta ce besbol ba ciniki ba ne tsakanin jiha da jiha, don haka dokar hana babakere a kasuwanci ba ta hau kansa ba. Wannan ya bar masu ƙungiyoyi da cikakken iko: su ke jefa ƙuri'a a kan wanda zai shigo, da wanda zai tashi, da inda zai koma. An so gwada tashi tun 1941, lokacin da mai St. Louis Browns ya shirya komawa Los Angeles. An sa ranar 8 ga Disamba don ƙuri'a. Ana gobe za a zauna Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙi, maganar ta bi ruwa.

Jirgin sama ya buɗe ƙofa

Boston Braves ce ta fara tashi. A 1952 ƴan kallon da suka shiga filinta a kaka guda ba su kai 300,000 ba. Ta koma Milwaukee a 1953, a shekarar farko mutum fiye da miliyan 1.8 suka biya kuɗin ƙofa. Sauran masu ƙungiyoyi suka ga haka, ido ya buɗe. Browns ta koma Baltimore a 1954 ta zama Orioles. Philadelphia Athletics ta koma Kansas City a 1955.

Babban girgiza ya zo a 1958, lokacin da Walter O'Malley ya ɗauke Dodgers daga Brooklyn zuwa Los Angeles, Horace Stoneham kuma ya ɗauke Giants daga New York zuwa San Francisco. Tare suka tafi, domin babu ƙungiyar da za ta yarda ta tsallake ƙasa guda don karawa da ƙungiya ɗaya tak. Dodgers ba don rashin masoya ta tashi ba. Ita ce ta sa Jackie Robinson a fili a 1947, baƙar fata na farko a babbar gasar ta zamani, kuma ta ci World Series a 1955. Rikicin sabon fili da kuma girman kasuwar Kalifoniya ne suka ɗauke ta. A 1960 aka rushe filinta na Ebbets Field aka gina gidaje. Mai sharhinta Vin Scully ya bi ta, kuma a Los Angeles mutane kan shiga fili da ƴar rediyo a hannu don su ji muryarsa alhali suna kallon wasan da idonsu. Ya yi kaka 67 yana wannan aiki, daga 1950 zuwa 2016.

Biranen da aka bari, da waɗanda ba su taɓa samu ba, suka fara hayaniya. Da aka yi barazanar kafa lig ta uku mai suna Continental League, sai tsofaffin biyun suka buɗe ƙofa. A 1961 American ta ƙara ƙungiya biyu, a 1962 National ta ƙara New York Mets da wata ƙungiya a Houston, wadda ta ɗauki sunan Astros a 1965. Braves ta sake tashi daga Milwaukee zuwa Atlanta a 1966. Athletics ta bar Kansas City ta koma Oakland a 1968.

1969: aka raba gabas da yamma

A 1969 aka ƙara ƙungiya huɗu: Kansas City Royals da Seattle Pilots a American, sai Montreal Expos da San Diego Padres a National. Kowace lig ta kai 12. Masu ƙungiyoyi suka lura cewa wadda ke matsayi na goma ko sha ɗaya a tsakiyar kaka babu mai sayen tikitinta. Sai aka raba kowace lig gida biyu, Gabas da Yamma, shida-shida, zakarun biyu su kara kafin World Series.

A nan ne taswira ta sha kashi. A National ƙungiyoyi uku ne kawai a Kalifoniya, ga Houston ta huɗu. Ana bukatar biyu su cike Yamma. Duk yaron da ya yi darasin taswira zai nuna Chicago da St. Louis, don su ne suka fi kusa da yamma cikin waɗanda suka rage. Amma Cubs da Cardinals tsofaffin gidaje ne masu faɗa a ji, suna son ci gaba da karawa da juna da kuma ƙungiyoyin New York da Philadelphia, a lokacin da mutanensu ke farke. Sai aka bar su a Gabas, aka tura Atlanta Braves da Cincinnati Reds zuwa Yamma.

Atlanta da Cincinnati duk suna gabas da Chicago da St. Louis, kuma agogonsu ɗaya ne da na New York. Tsakanin Atlanta da San Francisco ya haura kilomita 3,000, ga bambancin awa uku. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Los Angeles, a Atlanta ƙarfe goma da rabi ne na dare, sai ƙarfe ɗaya ta wuce a tashi. Haka aka zauna kaka 25. Yaron da aka haifa a Atlanta a 1969 ya girma har ya yi aure yana jin cewa garinsu yamma ne.

Kwamishinan da ya so gyara

A watan Yuli 1992 kwamishinan besbol, Fay Vincent, ya ba da umarni a mayar da Cubs da Cardinals Yamma, Braves da Reds kuma su koma Gabas. Tsarin mulkin National ya ce ba a sauya wa ƙungiya rukuni sai da yardarta, kuma Cubs ta ƙi. Vincent ya dogara da ikon da aka ba kwamishina na yin abin da ya ga shi ne maslahar wasan.

Dalilin ƙin Cubs ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Tribune ne ya mallake ta, kuma shi ne mai tashar talabijin ta WGN da ke nuna wasanninta a faɗin ƙasar. Komawa Yamma na nufin ƙarin wasanni a Kalifoniya, waɗanda za su fara bayan ƙarfe tara a Chicago, ƴan kallo su ragu, kuɗin talla ya faɗi. Cubs ta garzaya kotu, kotun tarayya ta dakatar da umarnin. Sauran masu ƙungiyoyi, waɗanda dama suna da tasu ƙullalliya da Vincent, suka jefa masa ƙuri'ar rashin amincewa. Ya yi murabus a watan Satumba. Wanda ya riƙe kujerar shi ne Bud Selig, mai ƙungiyar Milwaukee Brewers, kuma nan take aka ajiye maganar sauyin.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna tsadar wannan. A 1993 Atlanta ta ci wasa 104, San Francisco Giants ta ci 103, duk a rukunin Yamma. A ranar ƙarshe Dodgers, tsohuwar abokiyar gabarta tun New York, ta lallasa Giants da ci 12 da 1. Ƙungiya ɗaya tak ke fita daga rukuni, saboda haka Giants ta koma gida, alhali Philadelphia ta ci Gabas da nasara 97. Da an bi umarnin Vincent, da Atlanta tana Gabas, kuma da wuya a samu mai tare wa Giants hanya a Yamma.

Rukuni uku da ƙungiyar kwamishina

A 1994 aka ƙirƙiro rukunin Tsakiya a kowace lig, aka kuma buɗe gurbin ƙari ga ƙungiyar da ta fi kowa nasara cikin waɗanda ba su ci rukuninsu ba. Atlanta ta samu komawa Gabas, Cubs da Cardinals da Reds da Houston da Pittsburgh suka haɗu a Tsakiya. Kowa ya samu agogonsa, kuma zagayen wasannin ƙarshe ya ƙaru, abin da gidajen talabijin ke so ke nan. Sai dai kakar farko ba ta kai ƙarshe ba. Ƴan wasa suka shiga yajin aiki ranar 12 ga Agusta, aka soke World Series karon farko tun 1904. A ranar da aka tsaya, Texas Rangers ce ke jan ragamar Yamma ta American da nasara 52 da rashin nasara 62. Ashe sabon tsarin na iya fitar da zakara daga cikin ragwaye.

A 1997 aka fara haɗa ƙungiyoyin lig biyun a tsakiyar kaka, abin da a da sai a World Series ake gani. A 1998 aka ƙara Arizona Diamondbacks a National da Tampa Bay a American, sai lissafi ya kawo matsala. Idan kowace lig tana da 15, to kullum ƙungiya ɗaya za ta rasa abokiyar karawa, sai dai a riƙa haɗa lig da lig kowace rana, kuma a lokacin ba a son haka. Dole ƙungiya ɗaya ta tsallaka, a samu 16 da 14. An fara yi wa Kansas City tayi, ta ce a'a. Sai Milwaukee Brewers ta karɓa.

Tarihin Brewers kaɗai ya isa darasi. Ita ce Seattle Pilots ta 1969, wadda ta karye bayan kaka guda, Selig ya saye ta ta hannun kotu ana saura ƴan kwanaki a buɗe kakar 1970. Ta fara a Yamma ta American, ta koma Gabas a 1972 lokacin da ƙungiyar Washington ta tashi zuwa Texas, ta koma Tsakiya a 1994, sannan ta tsallaka Tsakiya ta National a 1998. Rukuni huɗu cikin shekara talatin. Wannan ƙaura ta ƙarshe kuwa gaba ta kai ta. Mutanen Milwaukee suna da tsohuwar ƙauna da National tun zamanin Braves da Hank Aaron, waɗanda suka ci musu World Series a 1957. Ga Chicago a kusa, ƙasa da kilomita 150, magoya bayan Cubs na cika mata fili duk lokacin da aka haɗu. Mutane da yawa ba su manta cewa mai riƙon kujerar kwamishina shi ne mai ƙungiyar ba.

Tsarin 16 da 14 ya bar wani rashin adalci a fili. Tsakiya ta National na da ƙungiya shida, Yamma ta American na da huɗu. Ɗaya sai ta doke biyar kafin ta zama zakara, ɗaya kuwa uku kawai. An zauna da wannan kaka 15.

Wanda ba shi da gata

Montreal Expos ce ta fi kowa nasara lokacin da yajin aikin 1994 ya tsayar da komai, da ci 74 da rashi 40. Bayan yajin aka rabu da manyan ƴan wasanta, ƴan kallo suka janye. A watan Nuwamba 2001 masu ƙungiyoyi suka jefa ƙuri'ar rushe ƙungiya biyu, kuma kowa ya san Expos da Minnesota Twins ake nufi. Wata kotu a Minnesota ta tilasta wa Twins ci gaba da wasa a filinta, shirin ya wargaje. Sai sauran ƙungiyoyi 29 suka haɗu suka sayi Expos, wato abokan karawarta suka zama iyayen gidanta. A 2003 da 2004 aka sa ta buga wasu daga cikin wasanninta na gida a kowace kaka a San Juan ta tsibirin Puerto Rico. A 2005 aka kai ta Washington aka sa mata suna Nationals. Ta ci World Series a 2019, mutanen Montreal na kallo daga nesa.

Yanzu mu dawo Houston. Da aka yanke shawarar daidaita lig biyun 15 da 15, ana bukatar ƙungiya ɗaya ta bar National. Babu mai so. Amma a 2011 Astros tana kan sayarwa, Drayton McLane na miƙa wa Jim Crane, kuma ciniki ba ya faɗawa sai masu ƙungiyoyi sun amince. Aka ce da mai saye: ka yarda ka koma Yamma ta American a 2013, mu sa hannu. Ya yarda, aka yi masa rangwamen miliyoyin daloli a farashi. Ba a taɓa Brewers ba, duk da cewa ita ce baƙuwa a National, Astros kuwa ta yi kaka 51 a ciki.

Ranar da aka sa hannu, mai saye ya samu ragi, magoya baya kuma suka samu sababbin abokan karawa uku a gaɓar Pasifik: Seattle, Oakland da Angels ta yankin Los Angeles. Agogonsu yana bayan na Houston da awa biyu. Wasan ƙarfe bakwai a Seattle, mai nisan kusan kilomita 3,000, ƙarfe tara ne a Houston, a tashi kusan sha biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ma'aikacin da zai fita asuba da yaron da zai tafi makaranta sai dai su ji sakamako da safe. Gabar shekara da shekaru da Cardinals da Cubs ta yanke. Har dokar wasa ta sauya musu, domin tun 1973 American ta yarda a sa wani ya riƙa bugu a madadin mai jifa, National kuwa ba ta yarda ba a lokacin.

Gaskiya ta sa a faɗi ɗaya gefen. Astros ta samu abokiyar gaba ta cikin gida, Texas Rangers, wadda ita ma tun 1972 take fama da wannan agogo. A kakar farko ta sha kashi sau 111, amma ta ci World Series a 2017, nasarar da abin kunyar satar alamun abokan karawa ya shafa wa baƙin fenti, ta sake ci a 2022. Ita ce ta farko da ta taɓa zama zakarar lig biyun, tunda ta ci National a 2005. Nasara tana sa a manta da abubuwa da yawa. Sai dai lokacin da aka yi cinikin babu wanda ya san za a yi nasarar, kuma ba don ita aka yi ba.

Abin da ya rage

Katangar da ke tsakanin lig biyun ta kusa gama rushewa. A 2000 aka haɗe ofisoshinsu da alƙalan wasansu. A 2022 National ta karɓi dokar mai bugu a madadin mai jifa. Tun 2023 kowace ƙungiya tana haɗuwa da sauran 29 a kaka, kuma wasanni da kowace abokiyar rukuni sun ragu daga 19 zuwa 13. Tashi ma bai ƙare ba. Athletics ta buga wasanta na ƙarshe a Oakland ranar 26 ga Satumba 2024, ta koma zaman wucin gadi a West Sacramento tana jiran a gama mata fili a Las Vegas. Philadelphia, Kansas City, Oakland, kowane ya ɗanɗana bankwana da ita.

Kwamishina na yanzu, Rob Manfred, ya sha faɗin cewa yana son a kai ƙungiya 32, kuma a 2025 ya ce hakan zai ba da damar sake rabon bisa kusancin garuruwa. Dalilan da ya kawo su ne rage wa ƴan wasa gajiyar tafiya da kuma samar wa gidajen talabijin wasannin da suka dace da agogon kowane yanki. A ganina rabo bisa kusanci ya fi wa mai sauraro, domin zai samu wasansa kafin barci. Amma tarihin da na zayyana ya koya mini in jira in ga wa za a tura inda ba ya so. A 1969 Atlanta ce, baƙuwa mai shekara uku a garinta. A 1992 an gwada taɓa mai ƙarfi, kwamishina ne ya rasa kujerarsa. A 2013 an jira wadda ke kan sayarwa, ba ta da bakin musu. Duk ranar da aka fito da sabuwar taswira, abin da zan fara dubawa shi ne wace ƙungiya ce ke neman sabon fili, ko mai saye, ko wata alfarma daga takwarorinta.

Shirina har yau yana ƙarfe goma da rabi. Na yi wata shida ina roƙo kafin a yarda a riƙa maimaita shi da hantsin Lahadi, filin da babu kamfanin da ke so. Dattijon nan ya dawo sauraro, sai dai ba ya iya bugo waya, tunda maimaici ne. Idan mun haɗu a hanya yakan tsayar da ni ya faɗa mini abin da ya so faɗa a rediyo, ni kuma in karanta saƙon nasa a shirin da ke biye.